Littafin Da Muke Yankawa Gida Huɗu

Makon jiya wani yaro ɗan Gyallesu ya shigo mini da littafi a cikin leda. Bangon ya rabu da jiki, shi kuma ya bi bayan ya nannaɗe da salatif har ya zama kamar ƙafar da aka yi wa ɗori. Ya ce, "Inna, ɗan kama mini shi kawai, ai ba wani aiki ba ne." Na ce masa ɓare ɓarnar da ya yi ma yini guda ne. Ya yi dariya, ya ce shi da wayarsa ba ta lalace ba da bai zo ba, don labarin duk yana ciki an taƙaice. Bayan fitarsa na kasa zama. Na share tsakar gidan da na riga na share, na ɗauki basilla na ajiye, sannan na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata Malama Rahila, na ce ta zo da biro da takarda. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ita kuwa adabin Turanci ta koyar a makarantar 'yammata har ta yi ritaya. Ina faɗa tana rubutawa. In kun ga magana ta karkace, bakina ne, ba hannunta ba.

Gaggawa nake yi don dukanmu biyu tashi za mu yi. Ɗana Isiyaku ya gyara mini ɗaki a gidansa na Hanwa, ya ce idona ya yi rauni, ba zai bar ni ni kaɗai a Tudun Wada ba. Ita ma Malama 'yarta za ta zo ta tafi da ita Jos ƙarshen wata. Akwai kuma wani labari da mai gidana ya fara ba ni, bai ƙarasa ba Allah ya karɓi abinsa, kuma a duk waɗanda na sani Malama kaɗai ta rage da ta san ƙarshensa. Shekara da shekaru tana cewa in bari ta faɗa mini, ina ƙi. In ta shiga motar nan, shi ke nan. Amma bari in fara da sana'ar, don ita yaron nan ya raina.

Littafin da na fara ɗinkawa na lalata shi. Ni 'yar baduku ce, a cikin birni na tashi ina riƙe wa babana fata yana ɗinka gafaka. Da na yi aure na zo Tudun Wada, na tarar Malam, mai gidan nawa, yana da tebur na tsofaffin littattafan makaranta a gindin wani dogon yaro, bakin titi. Sunansa ban kira ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Wata rana ya dawo da wani littafi da bayansa ya karye, ya jefa shi gefen murhu. Na ɗauka na huda shi da basilla, na ja zare na ɗaure tamau yadda ake yi wa fata. Da ya dawo daga masallaci na miƙa masa ina jin kaina. Ya yi ya yi ya buɗe, littafi ya ƙi. Da ya matsa sai takardun suka fara tsagewa ta wurin hudar. Ya dube ni ya ce, "To, kin ɗinke wa mutane baki, ta ina za su yi magana?"

Daga nan na gane takarda ba fata ba ce. Fata tana son a ja, takarda tana son a bar mata numfashi. Ba wanda ya koya mini sai littattafan kansu. Nakan samu tsoho mai ɗinkin kirki in kwance shi a hankali in ga yadda aka yi: takardun a ninke suke ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri da zarensa ta tsakiya, sannan a haɗa su a baya kamar yadda ake haɗa kitso. Na kwance da yawa kafin in ɗinka guda ɗaya da Malam ya yarda ya ɗora a tebur.

Kayan aikin ga su nan a kwando, Malama tana kallonsu. Basilla, allura babba, zare da nake murzawa a kakin zuma don kada ya yanke takarda. Aska. Ƙashin haƙarƙarin saniya da nake danne ninki da shi, ya yi santsi kamar tangaran saboda hannu. Kwalin sabulu na bango, ƙyallayen atamfa daga wurin tela. Katako biyu da dutsen niƙan uwar Malam, shi ne matsewarmu. Sai sitacin rogo, a dama shi kamar koko, amma da ruwan ganyen dogon yaro, in ba haka ba kyankyaso da gara su riga ɗalibi karanta littafin. Da damina shi ne wahala. Sitaci ba ya bushewa, in ka yi garaje ka rufe, jibi ka buɗe ka tarar da funfuna. Littattafan baya-bayan nan kuma ba ɗinki gare su ba, gam kawai aka shafa, sai dai ka huda ta gefe. Gefen kuwa siriri ne, in ka shiga ciki kaɗan ka cinye farkon kowane layi. Ban iya karatu ba, amma na san baƙi in na gan shi, basillata ba ta taɓa baƙi.

Aikin da ya riƙe mu ya zo ne ta hannun wasu 'yammata huɗu 'yan ajin ƙarshe. Suka yi sallama da littafi guda mai kaurin bulo, irin na Turawan da, na zamanin kakannin kakanninsu, wanda ake sa wa masu jarrabawar adabi. Karo-karo suka yi suka saya. Babbarsu ta ce, "Baba, yanka mana shi za a yi gida huɗu."

Malam ya ce, "Littafi ne ko ragon suna?"

Ta ce, "Baba, in muka jira kowa ta gama ta ba 'yar'uwarta, jarrabawa za ta same mu ta biyu ba ta kai rabi ba. Kuma wannan," ta nuna wata siririya, "in ta karɓi abu sai an kai ƙara gidansu."

"Ƙarya take yi, Baba, ita ce ta zubar wa na bara da manja!"

Malam ya ce su dawo. Bai yarda a yanka a tsakiyar babi ba, ya ce zalunci ne a katse mutum yana cikin magana. Sai da ya bi littafin ya gano gaɓoɓinsa, ya sa alama, ni kuma na raba, na yi wa kowane kashi bango. Don kada in rikice na sa musu ƙyalle: na farko ja, na biyu shuɗi, na uku ruwan ɗorawa, na huɗu kore. Kafin a yi hutu maganar ta bazu, har daga Kwangila ake zuwa.

Abin da ba mu hango ba, huɗun a lokaci ɗaya suke karatu, kowa da kashinta, sannan su yi musanya. Wadda ta fara da ja ta ji daɗi. Wadda ta fara da kore kuwa daga ƙarshe ta shigo. Na sha jin su a ƙofar gida suna gardama.

"Wallahi mugu ne, shi ya ci gadon."

"Ke, wane gado? Tsohon ai lafiyarsa ƙalau, jiya ma ya hau doki."

"Ki jira ki gani. Kuma wanda kike so ɗin nan ba ita zai aura ba."

"Allah ya isa tsakanina da ke, Larai!"

Mai kore ita ce bokanyar aji. Wani malaminsu ya taɓa zuwa har teburin Malam yana faɗa, wai yara suna rubuta masa labari ta gindi. Malam ya ce masa ya saya musu ɗaiɗai mana. Bai sake zuwa ba, amma a shekara ta gaba shi da kansa ya turo 'yan ajinsa.

Bayan jarrabawa kashin-kashin sukan dawo teburin Malam, in haɗa su su koma littafi guda a sayar wa na baya. Ja yakan dawo baƙi ƙirin da dattin hannu, shuɗi da dama-dama, ruwan ɗorawa kamar ba a taɓa ba, kore kuwa 'yan takardun ƙarshe ne kawai suka sha wuya. Wani lokaci kashi ɗaya ya ɓace, mai shi ta tafi ƙauye da shi. Sai a nemo daga wani, kuma ba kowane bugu ne yake hawa kan wani ba. Wannan aikin idon Malam ne.

Neman gaɓar nan shi ya mai da Malam makaranci. Bokonsa ba mai nisa ba ne, da yatsa yake bin layi, ga wani ƙamus marar bango a gefensa. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a nan inda Malama take zaune, ina ɗinki yana karatu, in ya tara sai ya juye mini da Hausa. Ta haka na san mutanen nan. Ƙasarsu sanyi, aikinsu shan shayi da rubuta wa juna wasiƙa, ko da gida yana kallon gida. Uba ya mutu ɗa ɗaya ya kwashe komai, sauran su kama gabansu. Mace ta so mutum ta yi shekara ba ta faɗa ba, shi ma bai turo kowa ba. Nakan ce, "Malam, su ba su da gwaggo ne da za ta shiga maganar?" Ya ce, "Haka suke, ɗinka abinki."

Muguwar shekarar ta fara ne da rani. Mun tara littafin da ake yayi, buhu-buhu, na zauna na haɗa, na sake bango, na jera su har bakin taga. Rannan Malam ya dawo tun kafin azahar, ya zauna ko hula bai cire ba. Ya ce, "An canza." Masu shirya jarrabawa sun sauke wannan sun ɗora wani. Ba wanda ya sake tambayarsa. Ƙarshe masu ƙosai da masu tsire suka kwashe. Wata safiya na aika aka sayo mini ƙosai, aka kawo shi a takarda mai maiƙo, na duba gefenta na ga hudojin basillata a jere. Ban iya cin ƙosan ba.

Sabon littafin da aka ɗora shi ne na 'yar mai gyaran agogo. Malam ya riga ya fara tari lokacin, amma ya zauna ya nemi gaɓoɓi, ya yanka guda ɗaya, ya fara ba ni labarin. Yarinya ce da ubanta a wani gari mai hayaƙi. Uban yana makancewa, yayanta namiji ya shiga jirgin ruwa ya tafi neman arziki, ba wasiƙa ba saƙo. Ita ke riƙe shago, ita ke jinya. Sai wata maƙwabciyarsu, tsohuwa mai faɗa, da kullum take shigowa da kwano a rufe, ta ajiye, ta zazzage yarinyar don ba ta cin abinci, ta fita. Ina son matar nan. Malam ya ba ni ja, ya ba ni shuɗi, ya ba ni ruwan ɗorawa yana tsayawa yana haki. Inda muka tsaya, tsohon ya kwanta ciwo, an ce an ga jirgin yayan a wata tasha. Na ce, "Zai iso ya same shi da rai?" Malam ya ce, "Ke dai kin fiye gaggawa. Gobe."

Goben asibiti muka tafi. Damina ta kankama sosai ranar da aka fita da shi ta ƙofar nan. Malama, bar ni in yi kukana, ki rubuta cewa na yi. Har yau in la'asar ta yi sanyi sai in ji kamar zan ji ya gyara murya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa. Mutum ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan littafi.

Ina cikin takaba yara suka fara sallama, don jarrabawa ba ta san an yi mutuwa ba. Tebur an naɗe, ni ba fita, ba kuma wanda zai nuna mini gaɓa. Sai na ɗauko wanda Malam ya yanka na mai da shi ma'auni. In ɗora sabo a gefensa in yi ta buɗawa har in ga shafin da rubutu ya tsaya a rabi ya bar fari a ƙasa, iri ɗaya da nasa, in yanka nan. Haka na yi ta yi har aka kawo wani bugu dabam, mai ƙananan baƙaƙe, ma'aunina ya ƙi hawa. Ina zaune ina jujjuya shi, aska a hannu, na rasa inda zan sa, sai ga matar da ta tare a gidan kusa ba da daɗewa ba. Coci take zuwa, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta shigo da kwano a rufe, ta yi mini ta'aziyya, ta dubi hannuna ta ce, "Yaya, me kike nema a ciki?" Na gaya mata. Ta ciro fensir daga jaka ta yi alama wuri uku. Tun daga ranar, duk sanda aka canza littafi ita ke sa mini alama. Malama Rahila ke nan.

Da ta ji inda Malam ya tsaya ta ce, "Ai na koyar da shi, bari in ƙarasa miki." Na ce a'a. Ta sake tayi bayan shekara, na ce a'a. Koren nan na ɗinka shi ba adadi, na san nauyinsa a tafin hannu, ban san abin da ke ciki ba. Gani nake in dai ba a faɗa ba, kamar Malam masallaci ya tafi, zai dawo ya ɗora. Daga baya aka sauke littafin, aka zo da injin hoton takarda, aka zo da 'yan ƙananan littattafan tambaya da amsa, yanzu ga waya. Ban ce ku koma yankan littafi ba. Na dai ce wanda ya raba bulo guda da mutum uku ya jira kashinsa, ya san abin da ya karanta, ko da ta gindi ya shigo.

Nan muka tsaya ran Talata. Abin da zan faɗa yanzu bayan nan ya faru.

Da Malama ta rufe biro sai na ga ta zuba mini ido. Ta ce, "Yaya, wace maƙwabciya kika sa na rubuta ɗazu?"

Na ce, "Tsohuwar mana, mai kwano."

Ta ce, "Babu ita a littafin."

Na ce, "Kin manta ne, tsufa ya kama ki."

Ta ce, "Tsufa ya kama ni, amma na yi shekaru ina tsaye gaban allo da littafin nan. Yarinyar ita kaɗai ce. Abin da ake tambayar yara a jarrabawa ke nan ma, kaɗaicinta."

Na tashi na shiga ɗaki na fito, na sake shiga. Na buɗe akwati na ɗauko huɗun da Malam ya yanka, na zube mata a cinya na ce ta nemo ta. Ta bi ja, ta bi shuɗi, tana girgiza kai. Ina tsaye a kanta sai abin ya dawo mini. A farkon ja ne, da Malam ya ce tsohon ya faɗi a shago yarinyar ta ja shi ɗaki ita kaɗai, na ajiye allura na ce, "Wane irin gari ne wannan? Ina maƙwabta? Mutum ya makance a rasa mai leƙowa? Ni na fasa ji." Malam ya juya shafi, ya bi layi da yatsa, ya ce, "Af, ga ta nan ma ta shigo." Tun daga nan kullum sai ta shigo. Yana tari, yana haki, bai taɓa mance kwanon ba.

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da shi. Malama ba ta ce in yi haƙuri ba, ta san ni. Da na share fuska na ce, "Buɗe koren." Ta ce, "Kin tabbata, Yaya?" Na ce, "Mota za ta zo, buɗe." Na jawo littafin yaron Gyallesu na ɗora a cinya, don ban iya jin labari hannuna a sake ba. Ta laluba mini zare a allura, ta gyara tabarau, ta fara.

Yammaci bayan yammaci muka yi ta yi har jiya. Hausarta ta fi ta Malam tsabta, ba ta tsayawa neman ƙamus, ba ta kuma ƙara komai. Yayan bai iso ba. Tsohon ya mutu cikin tsananin sanyinsu yana tambayar ko an ji motsi a ƙofa. A wurin binnewa daga yarinyar sai fasto sai mai haƙa. Bayan an gama komai yayan ya iso da dukiya, ya sayar da shagon, ya ɗauke ta zuwa wani gari ya ba ta ɗaki mai kyau. Marubucin ya ce ta ji daɗi. Shi ya sani.

Yau da Malama ta zo mu ƙarasa wannan, na ce mata akwai gyara a wurin binnewar.

Ta ce, "Yaya, na gaya miki, ba ta cikin littafi."

Na ce, "Littafinsu ne wancan, na mayar akwati. Wannan takardar tawa ce, ni ke faɗa. Matar da ta yi ta jigilar kwano tun daga ja har ruwan ɗorawa, ranar mutuwa ce za ta zauna a gida? Rubuta ta zo."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Ta ce, "Ta yi faɗan nata?"

Na ce, "Ranar ba ta yi ba."

To ga shi, ta ɗauki biro. Tsohuwar ta zo da kwano a rufe, ta ajiye, ta zauna kusa da yarinyar, ba ta tashi ba.